Ranar da Na Ɗana Bindigar Ƙanena

Duk wanda ya san ni a kasuwar albasa ta Aliero ya san ba na iya shiru. In ana ciniki da ni, daga bakin titi ake jin muryata, in aka taka ni kuwa sai na rama kafin in duba wanda ya taka. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, cewa take da ana sayen baki da tuni na gina bene. To wannan bakin nawa ya yi shekara bakwai a rufe a kan magana guda, kuma ita zan faɗa yanzu.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da ƙanena, shekara tara tsakaninmu. Gidanmu yana Firchin, cikin garin Jega. Mahaifinmu ya rasu yaron bai gama firamare ba, saboda haka ni na zame masa wa, ni na zame masa uba, kuma ban yi masa uba mai sauƙi ba. Ya tashi shiru-shiru, irin mutanen da in suna cikin ɗaki sai ka manta da su. Da ya ce zai shiga aikin ɗan sanda dariya na yi har da riƙe ciki, na ce ɓarawon da zai kama sai dai wanda ya zo da kansa ya miƙa hannu. Ashe aikin ya karɓe shi. Bayan wasu shekaru aka mayar da shi cikin masu farin kaya, aka ba shi ƙaramar bindiga irin wadda ake sawa a ƙugu.

Duk da haka bai sake hali ba. Muddin yana gari, kowace safiya sai ya zo ƙofar ɗakina, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya gaishe ni. Ina daga kan kujera ina shan kunu nake amsawa. Ban taɓa ɗaukar abin wani abu ba, don na saba.

Da rani a shekarar da abin ya faru, ina dawowa daga kai kaya, 'yan fashi suka tare mu can bayan Maiyama, rana tsaka, kwalta kamar ta soya ƙwai. Aka fito da mu daga mota aka ce kowa ya kwanta rubda ciki. Wani yaro da ko gemu bai tsiro ba ya ɗora mini takalmin roba a wuya ya danna. Abin da suka karɓa bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ji muryata, wannan muryar da ke girgiza kasuwa, tana ce wa yaron nan ranka ya daɗe. Na koma gida da ƙuna a kumatu, na ce wa kowa salansar babur ce. Daga ranar tsoro ya shige ni, ni kuwa tsorona ba ya fitowa a tsoro, faɗa yake zama. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, to ni maimakon gudu sai in hau tsumman da masifa.

Wata rana na shiga ɗakin ƙanena na tarar yana goge bindigar da ƙyalle. Na tsaya a kansa na ce, "Wai ita wagga, kullum ɗane take?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Harsasai na ciki, amma babu ko guda ga baki. Sai na ja ta sannan guda shi hau."

"To in ba ka ja ba hwa?"

"Ko ka danna kunama, ba ta cewa komi."

Na ce, "Ashe muciya ta kaka yawo da ita ga ƙugu."

Ya yi murmushi. Ya zare kwanson harsasan ya ajiye a gefe, ya leƙa ya tabbata ba komai, sannan ya kama bayan bindigar ya ja ya saki, ta ce ƙaras. "Ka gani? Ja guda na. Kahin ka ce kwabo."

"Kahin ka ce kwabo an aza maka takalmi ga wuya! Ɓarawo za shi tsaya shi jira ka ja? Ba a hwahe gora ranat tahiya."

Bai ɗaga murya ba, don bai taɓa ɗaga mini ita ba. Ya ce akwai abokan aikinsa da ke yawo da tasu a ɗane, cikin gidanta na fata, kuma bai ce sun yi laifi ba, kowa da irin wurin da ake tura shi. "Ni cikin jama'a nika aiki, Yaya. A rungume ni, in hau babur, in duƙa, in tsuguna. Wagga kuwa ba ta da makulli, rashin ɗanawa shi na makullinta. Wanda yas san tashi ɗane take, ya san yadda za shi riƙe ta. Ni na san tawa ba ɗane take ba. Harsashi in ya hita ba shi jin kira."

Na kira shi matsoraci. Na ce an ba makaho madubi. Na faɗi maganganu da yawa, shi kuwa yana ta shafa wa bindigarsa mai yana cewa, "Haka na, Yaya," wanda a bakinsa ma'anarsa ita ce na ji amma ba zan yi ba. Mun sake wannan gardama ya fi sau biyar. Ni nake yi, ni nake gamawa.

Ana nan sai matarsa ta haihu. Haihuwar fari ce, don haka tun cikin na wata bakwai aka kai ta gidan iyayenta a Karaye, wani ƙauye can gaba da Maiyama. Aka sami ɗa namiji. Ana gobe suna ya kamata a kai rago da goro da sauran kaya, kuma ni ne babba, ni zan kai. Shi ya so ya maƙale a Jega. Kowa ya san kunyar ɗan fari, uban ba ya son ko a haɗa ido da shi, balle a ce ya je ya tsaya gaban surukai. Na ce ba ta saɓuwa, sai ya je, tsohon, uban matar, zai ji daɗi. Ƙarya nake. Ba don tsohon ba ne, hanyar Maiyama nake tsoro, kuma ina son bindiga a cikin motata.

Ya fito cikin farar shadda sabuwa, riga da wando da hula, don ba a zuwa gidan surukai da ƙananan kaya. Wandon shadda kuwa zariya gare shi, ba bel, gidan bindigar ba shi da inda zai maƙale. Ya ce bari ya kai ta ofis ya ajiye. Na ce in ba ta zuwa ni ma ba ni zuwa, rago ya kai kansa. Sai ya zare ta daga gidanta ya soke ta a ƙugu haka nan, ya ƙara tamke zariya, ya saki riga a kai. Hankalinsa kwance, don ya san abin da ya soke.

Muka kama hanya a tsohuwar a-kori-kurata, rago a baya yana cin harawa. La'asar ta same mu a Maiyama. Ba a barin mota da kaya a bakin masallaci ba kowa, sai muka ce ɗaya ya yi salla ɗaya ya tsare. Na fara shiga na fito. Da zai shiga, ya zaro bindigar a ɓoye ya sa a aljihun mota, don ba ya shiga sahu da ita. Ya ce, "Yaya, ga ta nan, ka sa ido."

Na sa ido, har na sa hannu. Yana ba da baya na buɗe aljihun na ɗauko ta. Ta fi yadda nake zato nauyi, kuma da ɗumin jikinsa a jikinta. Na sauke ta tsakanin gwiwoyina yadda ba mai gani, na kama bayanta na ja kamar yadda ya nuna mini. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta ce ƙaras. Wata mai tallar mangwaro ta wuce ta gefen motar tana tambaya ko zan saya, na girgiza mata kai. Na mayar da bindigar na rufe.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, daɗi na ji. Tun ranar da aka taka mini wuya ban ji numfashina ya sauka har ciki ba sai a wannan lokacin. Na ce a raina yaro yaro ne ko da bindiga, wani abin sai babba ya yi masa. Na ce da mun isa Karaye zan gaya masa ya cire, in ƙara masa da tsiya. In na gaya masa yanzu cirewa zai yi, mu shiga dajin nan da muciya.

Ya fito da sauran ruwan alwala a gemunsa. Na riga na tada mota, ina danna oda ina cewa rana na tafiya. Ya buɗe aljihun, ya ɗauka, ya soke a ƙugu, ya shigo. A wurin aiki, na ji an ce, ko minti ɗaya bindiga ta yi ba a hannunsa ba sai ya duba ta. Ranar bai duba ba. Wa zai zarga? Wansa ne kaɗai ya zauna a motar.

Hanya lafiya lau. Abin da ya tare mu kawai garken shanu ne da ke tsallakawa, Bafulatanin da ke bin su ya ɗaga mana sanda muka ɗaga masa hannu. Muka saki kwalta muka shiga Karaye rana ta yi sanyi. Muna tsayawa ragon ya tsinke igiya ya dira, aka bi shi da gudu ana dariya, 'yan'uwan matar suka yanyame mu da sannu da zuwa. Cikin wannan hayaniya maganar ta fita daga kaina fit.

Surukin nasa dattijo ne mai rawani, manomin gero da albasa, yana zaune a zaure kan buzu da butarsa a gefe, da wasu dattawa uku. Ni na fara shiga, aka nuna mini tabarma kusa da shi, ya kama hannuna da hannu biyu. A daidai nan na ɗaga kai na ga ƙanena a bakin ƙofa yana tuɓe takalmi, na ga tudun abin a ƙarƙashin rigarsa. Na tuna.

Tsohon yana cewa, "Lale, lale! Ina gajiya? Yaya kunka baro mutanen Jega? Yaya jikin tsohuwa?" Ni kuma ina amsawa, lafiya lau, ba gajiya, tana gaishe ku. Kalma ɗaya ta isa. Da na ce dakata, da na ce zo mu fita, da shi ke nan. Amma ba a katse wa dattijo gaisuwa, kuma me zan ce a gaban surukan yaro? In ce ka yi hankali, na ɗana maka bindiga? Na ce a raina bari a gama gaisawa. Ni da nake katse wa kowa magana a duniya, ranar na ga ladabi.

Ya shigo kansa a ƙasa, bai wuce bakin ƙofa ba, ya sulale ya tsuguna. Tsugunon gaban suruki ba irin na kullum ba ne, mutum naɗewa yake kamar zai shige ƙasa. Cikinsa ya turo bindigar, zariya ta saki, ta zame cikin wando ta nufi cinya. Na ga fuskarsa lokacin da ya ji ta tafi. Ba tsoro ba ne a fuskar, kunya ce. Abin da ya gani shi ne bindiga ta faɗo ta ƙafar wandonsa a gaban uban matarsa, ana gobe sunan ɗansa. Ya kai hannu da sauri ya damƙe ta ta saman shadda, damƙa ta wanda ya tabbata ba abin da zai faru.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar a cikin zauren ƙasa ba. Ban ma ji ta a kunne ba, a haƙori na ji ta. Ƙasa ta zubo daga rufi. Sai komai ya ɗauke, ina ganin bakin dattawan nan yana motsi ba na jin abin da suke cewa. Wani wari ya cika wurin kamar an ƙyasta ashana ɗari.

Shi kuwa yana nan tsugune. Wallahi yana tsugune, bai faɗi ba. Ya dubi gwiwarsa ta dama, inda farar shadda ta huje, baƙi ya zagaye hujin, sai ja ya fara yaɗuwa da sauri. Sannan ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya, bai kai ƙiftawa uku ba. Ya mayar da ido kan tsohon ya ce, "Baba, ku gahwarce ni." Sai ya kife ta gefe.

Harsashin ya shiga ta saman gwiwa, ya farfasa ta, ya fita ta ƙwauri ya nutse a daɓen zauren, taki ɗaya daga butar tsohon. Mata suka kwarma ihu a cikin gida. Maijegon ta fito a guje ko mayafi babu, uwarta ta riƙo ta. Maza suka fito daga lunguna da gora da adduna, wani har da bindigar toka, sun ɗauka mahara ne suka shigo gari. Ni ina zaune kan tabarma, hannuna yana nan a miƙe yadda tsohon ya sake shi. Tsohon ne ya warware rawaninsa, kansa a buɗe a gaban jama'a, ya ɗaure cinyar tamau yana salati. Shi ne ya daka mini tsawa, "Kai, tashi ka tada mota!"

Muka kwantar da shi a baya kan harawar ragon sunan ɗansa. Ban san yadda na tuƙa ba. Na san dai mun wuce ta gaban masallacin nan na Maiyama, mai mangwaron tana nan zaune.

Daga asibitin Jega aka tura mu babban asibiti. Likitoci suka ce an yi sa'a bai taɓa babbar jijiya ba, suka yi aiki suka sa ƙarfe. Washegari aka raɗa sunan yaro, aka yanka ragon, uban yana kwance bai san inda yake ba. Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake faɗa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya taƙaita, Allah ya kiyaye gaba. Ina ta cewa amin.

A kwana na uku manyansa biyu suka zo da takarda. Ina tsaye a gefen gado riƙe da fulas ɗin kunu. Babban cikinsu ya ja kujera ya zauna, ya yi masa sannu, sannan ya ce, "Abu ɗaya muke son sani. Ya aka yi harsashi ya hau baki?"

Fulas ɗin ya yi mini nauyi. Na buɗe baki, na rantse na buɗe. Ƙanena yana kallon silin ya ce, "Ni na, yallaɓai. Na ɗana bisa hanya, nim manta."

Mutumin ya ajiye biro ya dube shi. "Kai? Kai da muke ba sababbi misali da kai?"

"Ni na, yallaɓai."

Aka rubuta. Na rufe bakina. Da suka fita na zuba masa kunu na ba shi ya sha, ya ce na gode Yaya. A ranar na sami ƙaryar da na rayu da ita shekara bakwai. Na ce wa kaina wataƙila shi ma haka ya ɗauka, zafin ciwo ya rikita shi, ya zaci shi ya ɗana. Wannan kallon da ya yi mini a zaure kuwa, na ce kallon neman taimako ne.

Da aka sallame shi dangi suka matsa sai an kai shi wurin masu ɗori a Aliero, tunda har daga ƙasashen waje ake kawo musu karaya. Muka kai shi. Mai ɗorin ya daɗe yana lalubar gwiwar da yatsu, sannan ya saki ƙafar ya ce, "Mu karaya muka ɗorawa. Wanga ƙashi ya zama tsaki, abin da likita yay yi shi na iyaka. Ƙahwa ta tsira, amma ba ta koma lanƙwasawa." Haka kuwa aka yi. Ƙafar ta warke a miƙe kamar taɓarya.

An rage masa girma a wurin aiki, aka zaunar da shi a tebur yana rubuta ƙorafin mutane. Bai yi shekara biyu ba ya ajiye, ya buɗe ɗan shago yana sayar da irin albasa da maganin feshi. A masallaci kujerar roba yake sawa a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi. Kuma bai fasa zuwa gaishe ni ba. Kowace safiya zan ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya tuɓe takalmi da ƙyar, ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ina kwana. Ka yi haƙuri, tsaye nike." Kullum sai ya faɗi haka. Na daina shan kunu da safe.

Labari kuwa ya zaga. Har a Dangamaji na ji ana ba da shi, ɗan sandan da ya je gaida surukai ya harbe kansa. Wata rana a kasuwa wani dillali, bai san ina bayansa ba, ya tsuguna yana kwaikwayo, ya ce tau, ya kife, ana ta dariya. Na shaƙe shi na kwaɗa masa mari biyu, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni. Aka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin mai kishin ƙane kamata ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, ƙanena ya jiƙe, kuma ga ni ana sa mini albarka.

Mahaifiyarmu ta rasu ba ta sani ba. Da aka kai ta, ni na shiga kabari na karɓe ta, shi yana tsaye a sama da sanda, ƙafar ba ta bar shi ya sauko ba.

Bara aka aiko surukin nasa ba lafiya, jiki ya yi nauyi. Muka tafi dubiya, ni ke tuƙi. Tun ranar nan ban sake taka Karaye ba. Aka shigar da mu zauren nan dai, an shimfiɗa wa tsohon katifa a inda buzunsa yake. Idona bai je ko'ina ba sai daɓe. An like ramin da siminti, ɗan fari-fari kamar tafin hannu.

Ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, tsaye nike."

Tsohon ya yafito shi da hannu. Muryarsa ta shige, sai da muka matsa. Ya kama bakin rigar ƙanena ya ce, "Ɗana, akwai abin da ad damuna, ba ni son in tahi da shi. Gaisuwata ta ci ƙahwarka. Rannan har na tashi in tahi gona, nic ce bari in jira baƙi. Da ban zauna zauren ga ba, da ba ka tsuguna ba. Shekara bakwai kullum nig gan ka tsaye sai in ji awa ni nih halbe ka. Ka yahe man."

Dattijon da ya tuɓe rawaninsa ya tsayar da jini, shi ne yake neman gafara, yana kuka, a kan gadon mutuwa. Ashe kayan da na ajiye ba mutum ɗaya ya ɗauka ba. Ƙanena yana ta cewa, "Haba Baba, sakacina na, ba ruwanku." Ni kuwa na fita waje na jingina da mota.

Washegari ban jira ƙarar sanda ba. Ana sallame sallar asuba, gari ya fara haske, na zagaya sashensa. Yana zaune a bakin ɗaki kan benci, ƙafar a miƙe, yana ƙoƙarin sa takalmi zai zo wurina. Na tuɓe nawa. Na tsuguna a gabansa har gwiwata ta taɓa ƙasa.

Ya dafa sanda ya miƙe a firgice. "Subhanallahi! Yaya, mi a haka? Tashi, mutane na gani!"

Na ce, "Ni nid ɗana ta. Maiyama, kana salla. Ni na."

Na ɗauka zai faɗi, ko ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, kuma da na fi son haka. Ya juya ya dubi bango. Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin in kai ƙasa. Mu biyu ɗai munka shiga motag ga, Yaya."

Na ce to don me, don me ya ce shi ne, don me ya bari aka yi masa dariya a kasuwa, aka rage masa girma, don me kullum yake zuwa yana ba ni haƙuri. Ina magana ina kuka, ni, da gemuna da furfura.

Ya ce, "Ƙahwa ta riga ta tahi. In na hwaɗi, kama ka za a yi, tsohuwa kuwa na da rai. In rasa ƙahwa in rasa wa? Kuma nawa laihin na nan. Nig ga ta bar hannuna, ban duba ba."

Na ce zan je Karaye yau in gaya wa tsohon, ko da wannan ne kaɗai. Ya ce wannan ya yarda, a sauke wa dattijo kayan da ba nasa ba. Na je na faɗa, kwana huɗu kafin tsohon ya cika. Amma kasuwa da majalisa ya ce kar in kuskura, in kuma bakina ya matsa mini sai na ba da labarin, to kar in ambaci sunan kowa. Duk wannan daga baya muka yi shi, a zaune.

A wannan safiyar dai ina tsugune, na kasa tashi. Na ji ya matso, ƙwas, ƙwas. Ya jingine sandar a bango ya miƙo hannu biyu zai kama kafaɗuna. Ya sunkuyo iyakar inda zai iya, ƙafar ta tokare, yatsunsa suka tsaya a sama ba su kai ba. Ya sake gwadawa, har ya yi tangaɗi.

Ya ce, "Don Allah tashi da kanka, Yaya. Ba ni iya duƙowa in ɗaga ka."